Taɓawa da Tausa ga Masu Raunin Ƙwaƙwalwa: Abin da Bincike Ya Gano

A manyan asibitoci akwai wani sashe da ake keɓewa domin marasa lafiyar da rayuwarsu ke cikin haɗari, wanda ake kira sashen kulawa ta musamman. A nan ake kwantar da mutumin da ya faɗo daga kan babur kansa ya bugi kwalta, ko wanda jijiyar jini ta fashe masa a cikin ka, ko wanda zuciyarsa ta tsaya na 'yan mintoci har ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane a cikin dogon suma ake kawo su. Akan saka musu bututu a maƙogwaro domin na'ura ta yi musu numfashi, a liƙa musu wayoyi a ƙirji masu nuna bugun zuciya a kan allo, a kuma zura wani siririn bututun ta hanci zuwa ciki domin ba su abinci. Idan ɗan'uwan majinyaci ya shigo ya ga wannan hali, sau da yawa yakan tsaya nesa da gado, yana tsoron kada ya taɓa wani abu ya ɓata. Tambayar da ya fi yi wa ma'aikatan jinya ita ce, shin idan an riƙe hannun majinyacin yana ji? In kuwa yana ji, riƙewar za ta amfane shi ko za ta cutar da shi?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin kan hanya, kuma waɗanda ke tsira da rauni a ka sun ninka wannan adadi sau da yawa. A garuruwan da ake hawan babur ba tare da hular kwano ba, kusan kowace unguwa ta san wani matashin da ya taɓa kwanciya a wannan hali. Masana sun shafe fiye da shekara 40 suna binciken ko hannun ɗan'adam na da wata rawar da zai taka wajen farfaɗo da irin waɗannan majinyata. Abin da suka gano ya nuna cewa taɓawa ta yi kama da sauran magunguna, tana da awo, tana da lokaci, akwai kuma wanda bai kamata a ba shi ita ba tukuna.

Mene ne Dogon Suma?

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar ƙashin baya, akwai wani ɓangare mai kaurin babban yatsa da ake kira tushen ƙwaƙwalwa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin jijiya da suka sarƙe da juna kamar raga. A shekarar 1949 masana biyu, Giuseppe Moruzzi ɗan Italiya da Horace Magoun ɗan Amurka, suka yi gwaji a kan kyanwoyin da aka sa wa maganin barci. Da suka taɓa wannan ragar da 'yar wutar lantarki kaɗan, sai igiyoyin wutar ƙwaƙwalwar dabbar suka sauya daga irin na mai barci zuwa irin na wanda yake a farke. Wannan ya nuna cewa ragar ce ke riƙe da sauran ƙwaƙwalwa a farke. Hanyoyin da ke kawo saƙo daga fata da kunne da sauran gaɓoɓin ji duk suna aika mata rassa, shi ya sa ake iya tashin mai barci da kira ko da taɓawa. Dogon suma yana faruwa ne idan wannan ragar ta ji rauni, ko kuma idan ɓarna ta game ɓangarorin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu gaba ɗaya. Bambancinsa da barci shi ne, kira da taɓawa ba sa tayar da mai shi.

Domin a riƙa auna zurfin suma da harshe ɗaya a ko'ina, likitoci biyu na Jami'ar Gilasgo a ƙasar Sikotilan, wato Graham Teasdale da Bryan Jennett, sun fito da wani ma'auni a shekarar 1974, wanda har yanzu ake amfani da shi a duk duniya. Ana duba abu uku: buɗe ido, da magana, da motsin jiki. A yadda ake lissafa shi a yau, buɗe ido na da maki 1 zuwa 4, magana 1 zuwa 5, motsi kuma 1 zuwa 6. Lafiyayye yana samun maki 15, wanda ba ya amsa komai yana samun 3, maki 8 zuwa ƙasa kuwa alama ce ta mummunan rauni. Idan majinyaci bai amsa kira ba, sai ma'aikacin jinya ya danna masa gindin farce ko ya matsa naman kafaɗarsa, ya ga ko zai janye hannu. A kwanakin farko akan yi haka awa-awa, dare da rana. Idan aka haɗa da sukar allura da zuƙe majina daga maƙogwaro da canza bandeji, za a ga cewa yawancin taɓawar da ke samun jikin majinyaci a wannan sashe mai zafi ce. Wannan na daga cikin abin da ya sa ma'aikatan jinya suka fara tunanin ko ya kamata a riƙa ba shi wata irin taɓawar dabam.

Hanyoyi Biyu daga Fata zuwa Ƙwaƙwalwa

A cikin fata akwai ƙananan na'urorin halitta masu karɓar saƙo, wasu na jin danni, wasu na jin girgiza, wasu na jin miƙewar fata. Yadda danni ke rikiɗa ya zama saƙon lantarki ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, sai a shekarar 2010 da Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Kalifoniya suka gano wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ke buɗewa idan an danna su. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 2021 tare da David Julius.

Daga fata saƙo yana bin hanya biyu. Ta farko ita ce ta manyan zaruruwan jijiya masu rufin kitse, kamar yadda wayar lantarki ke da rufin roba. A cikinsu saƙo na gudun mita 35 zuwa 75 a daƙiƙa ɗaya. Yakan hau ta laka, ya bi ta wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus, ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tantance mene ne ya taɓa mutum, kuma a ina. Likitan tiyata Wilder Penfield na birnin Montiriyal a Kanada ya zana taswirar wannan yanki a shekarar 1937, inda ya nuna cewa hannu da leɓe sun cinye fili mai yawa, gadon baya kuwa ɗan wuri kaɗan ya samu. Ɗalibai na iya gwada wannan a cikin aji da tsinken tsintsiya biyu. A kan yatsa, wanda aka rufe wa ido zai gane tsinke biyu ne ko da tazararsu milimita 2 ko 3 ce kawai, amma a gadon baya sai tazarar ta kai kusan santimita 4 kafin ya daina jin su kamar tsinke ɗaya.

Hanya ta biyu ce ta fi jan hankalin masu binciken jinya. Zaruruwanta sirara ne, ba su da rufin kitse, kuma saƙo na tafiya a cikinsu da saurin kusan mita 1 kacal a daƙiƙa. An fara ganin su a jikin kyanwa tun 1939, amma aka daɗe ana zaton ɗan'adam ba shi da su. A farkon shekarun 1990 ne masana a ƙasar Suwidin, cikinsu har da Åke Vallbo da Håkan Olausson na birnin Gotenbag, suka tabbatar da samuwarsu ta hanyar soka wata siririyar allura a cikin jijiyar mutanen da suka ba da kansu domin gwaji, suna sauraron saƙon zare ɗaya tal. Suka ga cewa waɗannan zaruruwa sun fi yawa a fata mai gashi, irin ta damtse da fuska, kuma ba kowace taɓawa suke amsawa sosai ba. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna sun fi aiki idan ana shafa fata da saurin santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma wannan saurin ne mutane suka ce ya fi musu daɗi. Wani binciken na 2014 ya ƙara da cewa sun fi amsawa idan abin da ke shafar yana da ɗumin digiri 32, wato ɗumin fatar mutum. Duk wanda ya taɓa kallon uwa tana shafa bayan jaririnta ya ga wannan saurin, ba tare da wani ya koya mata ba.

Akwai wata mata a Kanada wadda ciwo ya lalata wa manyan zaruruwan nan masu sauri tun daga hanci zuwa ƙafa, amma ya bar mata siraran. A rayuwarta ta yau da kullum ba ta jin taɓawa. A gwajin da aka buga a 2002, an shafa mata buroshi mai laushi a damtse, sai ta ce tana jin wani ɗan abu mai daɗi wanda da ƙyar take iya faɗin inda yake. Hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna cewa yankin da Penfield ya zana bai motsa ba. Wanda ya motsa shi ne wani lungu mai suna insula, wanda ke kula da yanayin cikin jiki da abin da zuciya ke ji. Ke nan akwai hanyar da aikinta ya fi karkata ga kwantar da hankali.

Wane ne mai hannun ma yana da tasiri. A shekarar 2006 James Coan, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya sa matan aure 16 a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka gaya musu cewa mai yiwuwa a ja su da ɗan lantarki a idon sawu. Idan mace na riƙe da hannun mijinta, yankunan ƙwaƙwalwa masu amsa barazana sukan lafa ƙwarai. Hannun baƙo ma ya rage tsoron, amma bai kai na mijin ba. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa duk waɗannan gwaje-gwaje a kan mutanen da suke a farke aka yi su. Sun nuna akwai hanya, ba su nuna cewa hanyar a buɗe take ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni ba.

Gwaji a kan Majinyata

Tunanin farkar da mai suma ta hanyar motsa gaɓoɓin jinsa ya samo ƙarfi ne daga binciken ɓeraye. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Marian Diamond ta nuna a 1964 cewa ɓerayen da aka raina a keji mai kayan wasa da abokai, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi na waɗanda aka bari su kaɗai kauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Sai wasu likitoci suka ce, ashe mai dogon suma da ke kwance ba motsi yana cikin yunwar saƙonni ne. A 1978 Edward LeWinn da Mihai Dimancescu suka buga rahoto a mujallar The Lancet game da majinyatan da aka riƙa motsa wa gaɓoɓin ji da ƙarfi. A irin wannan tsari akan yi amfani da haske mai ƙarfi da ƙara da ƙanƙara da wari mai hawa ka, a maimaita awa-awa kusan yini guda. Sun ba da rahoton nasara mai yawa, iyalai kuma suka rungumi abin da hannu biyu.

Matsalar ita ce babu wani rukunin majinyata da aka bari ba a yi wa ba domin a kwatanta. Dogon suma na ainihi ba ya cika wuce mako 2 zuwa 4. A cikin wannan lokaci ko dai majinyaci ya rasu, ko ya fara farfaɗowa, ko ya shiga wani hali da idonsa ke buɗewa amma babu alamar ya san abin da ke kewaye da shi. Saboda haka duk abin da aka yi wa majinyaci a makonnin nan, in ya farka sai a ce shi ne ya tashe shi, alhali mai yiwuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A 1991 masanin ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya Rodger Wood ya kawo wata sukar ta dabam. Ya ce ƙwaƙwalwa na da ɗabi'ar sabo: wanda gidansa ke kusa da injin niƙa ba ya jin ƙararsa bayan ɗan lokaci, haka kuma mutum ba ya jin rigar da ke jikinsa. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni abin da take iya ɗauka kaɗan ne, in aka cika ta da hayaniya sai ta daina bambance komai. Shawararsa ita ce a rage ƙarar ɗakin, a ba da hutu, sannan a kawo saƙo ɗaya a lokaci ɗaya. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba batun a 2002, bincike 3 kawai ta samu da suka cancanci dubawa, masu majinyata 68 a jimlace, ta kuma yanke cewa babu ingantacciyar hujjar da za ta tabbatar da amfanin hanyar ko ta kore shi.

Bayan wannan ne aka sami sababbin gwaje-gwaje, da yawansu daga ma'aikatan jinya na ƙasar Iran, inda ba a cika barin 'yan'uwa shiga sashen kulawa ta musamman ba. A wani na 2009 mai majinyata 50, an bar wani na kusa da majinyaci ya riƙa shigowa kullum yana yi masa magana yana taɓa shi har kwana 6, sai makin Gilasgo na waɗanda aka ziyarta ya fi na sauran tashi. A wani na birnin Shiraz da aka buga a 2016, an raba majinyata 60 gida uku: waɗanda 'yan'uwa suka motsa wa gaɓoɓin ji, da waɗanda ma'aikatan jinya suka yi wa, da waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Bayan mako guda rukunin 'yan'uwa ne ya fi samun ci gaba. Wannan ya dace da abin da Coan ya gani. Amma mai hankali ba zai ɗora wa waɗannan sakamako nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Majinyatan kaɗan ne, kwanakin ma kaɗan ne, an kuma haɗa taɓawa da murya ta yadda ba za a iya cewa wacce ce ta yi aikin ba. Ƙarin maki 1 ko 2 a rana ta bakwai ba ya nufin mutum zai koma gona ko makaranta bayan shekara.

Gwaji mafi girma da ya bi ta hanyar jijiyoyin hannu, da lantarki aka yi shi. A ƙasar Sin an ɗauki majinyata 329 masu dogon suma daga asibitoci 22, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka liƙa musu wata na'ura a wuyan hannun dama, tana aika ɗan lantarki cikin jijiyar tsakiyar hannu awa 8 a rana har mako 2. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa bayan wata 6, kashi 72.5 cikin ɗari na waɗannan sun dawo hayyacinsu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 56.8. Ana bukatar a maimaita gwajin a wasu ƙasashe, amma ya ƙarfafa zaton cewa saƙon da ya shiga ta hannu yana iya kaiwa ga ragar farkarwa.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa bai kamata a ɗauki majinyacin da ba ya amsawa kamar gungumen itace ba. A 2006 Adrian Owen na Kambirij a Ingila ya umarci wata budurwa 'yar shekara 23, wadda aka ɗauka ba ta san komai ba, da ta raya a ranta tana wasan tanis. Hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna aiki irin na lafiyayyen da aka ba wannan umarni. A wani babban bincike na 2024, cikin majinyata 241 da ba sa amsa umarni da jikinsu, 60 sun amsa da ƙwaƙwalwarsu, wato ɗaya cikin huɗu. Babu mai iya gane su da ido a bakin gado.

Inda Taɓawa Ke Cutarwa

Ƙoƙon kan babban mutum akwati ne rufaffe wanda ba ya buɗawa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikinsa ƙwaƙwalwa ce, sauran kuma jini ne da ruwan da ke kewaye da ita, kowanne kusan kashi 10. Likitocin Sikotilan biyu, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka fara bayyana cewa idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙaru, dole wani ya ragu, in ba haka ba matsi ya hau. Ƙwaƙwalwar da ta bugu tana kumbura kamar kowane nama, kumburin kuma ya fi tsanani a kwanakin farko. Matsin cikin kan lafiyayye da ke kwance yana tsakanin milimita 7 zuwa 15 a ma'aunin zaiba. In ya haura 22 likitoci sukan tashi tsaye, domin matsin yana hana jini shiga, alhali ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, ita ke cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita.

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 Pamela Mitchell, malamar jinya a Jami'ar Washintan da ke Siyatil, ta nuna cewa ayyukan jinya na yau da kullum, kamar juya majinyaci da lanƙwasa wuyansa, suna iya ɗaga wannan matsi. Shi ya sa ake ɗaga kan gado zuwa digiri 30, a kuma daidaita wuya kada ya karkace ya toshe jijiyoyin da ke sauko da jini. A irin waɗannan kwanaki likita yakan ba da maganin barci da gangan domin ƙwaƙwalwa ta huta, kuma duk wani yunƙurin farkar da majinyaci a lokacin ya saɓa wa maganin da ake yi masa.

Wasu masu mummunan rauni kuma suna shiga wani hali da ƙaramin abu, kamar wanka ko juyi ko taɓawa, ke tayar musu da guguwa a jiki. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jini ya hau, zufa ta karyo, zazzaɓi ya tashi, gaɓoɓi su sandare. Gaggawa ma na da illa. A 1996 masu bincike a Jami'ar Tekzas sun tilasta wa ɓerayen da aka ji wa rauni a ƙwaƙwalwa yin amfani da ƙafar da ta shanye tun daga kwanakin farko, sai raunin ya ƙara faɗi. A 2015 wani gwaji mai majinyata 2,104 masu shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa waɗanda aka yawaita tayarwa daga gado tun cikin awa 24 na farko, kashi 46 cikin ɗari ne suka sami sauƙi mai kyau bayan wata 3, waɗanda aka bi a sannu kuwa kashi 50.

Tausa mai ƙarfi tana da nata haɗarin. Mutumin da ya daɗe a kwance jini na iya daskarewa a jijiyoyin sha-raɓarsa, in aka matsa wurin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya yi kisa. Haka nan a da akan murza wurin da fata ta yi ja a kan ƙashi da nufin hana gyambon kwanciya, amma yanzu an hana, domin murzawar tana ƙara yaga naman da ya riga ya raunana.

Taɓawar da Babu Taɓawa

Ya dace a bambance duk abin da ya gabata da wata hanya mai suna taɓawar warkarwa, wadda Dolores Krieger, farfesar jinya a Jami'ar Niyok, da Dora Kunz suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Masu yin ta sukan yi yawo da tafin hannu a saman jikin majinyaci ba tare da sun taɓa fata ba, suna cewa suna jin wani ƙarfi da ke kewaye da jiki suna kuma daidaita shi. An koya wa dubban ma'aikatan jinya wannan hanya. Wadda ta gwada ta yarinya ce 'yar shekara 9 a jihar Kolorado, Emily Rosa, a matsayin aikin kimiyya na makaranta. Ta kafa kwali mai huda biyu, mai warkarwa ya zuro hannayensa ba ya ganin ta, ita kuma ta jefa kwabo domin zaɓen hannun da za ta ɗora nata a samansa ba tare da taɓawa ba. Aikinsa kawai ya faɗi wane hannu ne. Masu warkarwa 21 sun yi gwaji 280, suka dace sau 123, wato kashi 44 cikin ɗari, ƙasa da rabin da mai cinta kawai zai samu. An buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1998, lokacin tana da shekara 11. Malaman kimiyya za su iya maimaita wannan gwaji a aji da kwali da kwabo ɗaya.

Yadda Ake Yi a Bakin Gado

Taɓawar da babu gardama a kan wajibcinta ita ce ta jinya: juya majinyaci kusan kowace awa 2 domin kada fata ta mutu, da share jiki, da wanke baki, da daidaita kwanciyar hannu da ƙafa. Likitocin gashi kuma sukan lanƙwasa gaɓoɓi a hankali su miƙe su, ko da yake nazarin Cochrane na 2017 a kan bincike 49 ya nuna cewa miƙewa ita kaɗai ba ta hana sandarewar gaɓa yadda aka daɗe ana zato.

A ƙasar Jamus an tsara yadda za a yi waɗannan ayyuka ta hanyar da majinyaci zai iya fahimta. Andreas Fröhlich ya fara tsarin a shekarun 1970 domin yara masu tsananin naƙasa, daga baya Christel Bienstein ta shigo da shi aikin jinya. Ana zaɓen wuri ɗaya a jiki, galibi kafaɗa, a rubuta shi a saman gado. Duk wanda zai yi wa majinyaci wani abu sai ya fara kiran sunansa, ya ɗora cikakken tafin hannu a wurin da ɗan nauyi, ya faɗi abin da zai yi, in ya gama kuma ya sake ɗora hannun a nan. Sallama ce da ban kwana ga wanda ba ya gani. Mutum ɗaya ne ke taɓawa a lokaci guda, kuma ana guje wa taɓawar kan yatsu mai kama da cakulkuli, domin tana firgitarwa.

A ƙasar Hausa dubiya haƙƙi ce, kuma a asibitoci da yawa 'yan'uwa ne ke ɗauke da babban kaso na jinya. Wannan dama ce, in an yi ta da tsari. Mutum ɗaya ko biyu da majinyaci ya fi shaƙuwa da su, kamar uwa ko mata ko miji, sun fi taron mutum goma amfani. Sai an nemi izinin likita, domin shi ya san ko kumburi ya sauka. A wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita, a ɗumama shi in yana da sanyi. A riƙe hannu ko a shafa damtse a hankali na 'yan mintoci, ana magana da murya ƙasa-ƙasa, sannan a bar shi ya huta. Mai yin addu'a zai iya yi yana riƙe da hannun, amma ya nisanci tofi kusa da bututun numfashi ko rauni, kada kuma ya shafa kai inda aka yi tiyata, domin wani lokaci akan cire ɓangaren ƙashin kai a bar ƙwaƙwalwa da fata kawai a samanta. Ba a jijjiga mai suma, ba a yayyafa masa ruwa, ba a kuma ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu ta baki, saboda ba ya iya haɗiya, abin zai wuce huhu ne. Idan ana cikin shafa sai aka ga lambar bugun zuciya ta hau a allo, ko numfashi ya yi sauri, ko zufa ta feso, ko hannu ya ƙanƙame, sai a janye hannu a kira ma'aikacin jinya. In kuwa an ga ido ya motsa ko yatsa ya matsa, a faɗa masa lokacin da abin ya faru da abin da ake yi a sa'ad da ya faru, domin ya rubuta a takardar majinyacin.